Ranar da Muka Bi Sawun Shanun Baba

Mahaifina manomi ne wanda ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba, amma a duniya ba abin da yake so irin ɓarayin finafinan Indiya. Ba kowane ɓarawo ba kuwa. Masu bindiga da zubar da jini ba sa gabansa. Nasa shi ne ɗan kwalisar nan mai kwantaccen gashi da daɗin baki, wanda zai sa kayan babban jami'i ya shiga ofis masu gadi na sara masa, ya sa a ɗora masa akwatin wani ƙaton ɗan siyasa a mota, har ya tsaya ya yi wa direba faɗa don bai wanke motar ba.

Ni na jawo masa wannan jaraba. Ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, duk ƙarshen mako kuma sai na hau babur na tafi ƙauyenmu da ke gaba da Kanya Babba. Kafin na taso nakan biya wajen masu tura finafinai a waya, a zuba mini irin waɗanda aka yi wa fassarar Hausa, mutum ɗaya yana yin muryar kowa da kowa, daga sarki har tsohuwa mai sayar da ganye. Bayan La'asar sai mu jingina wayar a jikin buta a cikin zaure, Baba ya matso da tabarmarsa, tsofaffin unguwa biyu ko uku su kewaye. Da ɓarawon ya bayyana sai Baba ya gyara zama.

"Ga ɗan nema nan ya iso," in ji shi. "Allah ya shirye ka, yaro!"

Addu'ar shiriyar a baki take kawai, don da yaron zai shiryu a tsakiyar fim da Baba ya tashi ya bar wurin. Inda ya fi so shi ne inda babban ɗan sanda mai tumbi zai ƙame wa ɓarawon, ya buɗe masa ƙofar mota da hannunsa. Nan Baba zai yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna wayar da yatsa yana cewa, "Na san irinsa! Wallahi na san irin mutumin nan!"

Da farko na ɗauka wayon ne yake burge shi. Daga baya na gane ba shi ba ne. Ɓarawon nan yana kallon manya ido cikin ido. Yakan katse su suna tsakiyar magana, ya zauna a kujerarsu, ya sha shayinsu, su kuma suna rawar jiki. Baba kuwa tun daga nesa yake cire takalmi idan ya hango babba. Na taɓa raka shi karɓar takin zamani, muka wuni a ƙofar wani ofis, da yamma aka ce mana ya ƙare, ya durƙusa ya ce ya gode. Mu ma haka ya tashe mu. Babba na magana ba ka tsoma baki, ba ka ɗaga kai, ko da gobara ce ta kama bayan rigarsa sai ka nemi hanyar da za ka sanar da shi cikin ladabi. Mutumin da ya yi shekara kusan saba'in yana sunkuyar da kai, sai ga wani a cikin waya yana yi masa rashin kunyar da shi bai taɓa yi ba, kuma kyauta.

Shanun huɗarsa biyu ne, fari da ja. Tun suna maruƙa ya saye su, ya yi shekara huɗu yana ɗawainiya da su, harawa da dusa da kanwa, har suka zama abin kallo. Su ke yi masa huɗa, su ke jan amalanke su kai taki gona. Ƙarfinsa ya riga ya tafi, garmar hannu ta fi ƙarfin bayansa, don haka shanun nan su ne nomansa gaba ɗaya. Tun da mahaifiyarmu ta rasu kuma, su ne abokan hirarsa da safe. Nakan ji shi daga ɗaki yana yi wa jan faɗa wai ya cika zari.

A shekarar da nake magana, ruwa ya sauka sau ɗaya aka yi shuka, sai ya ɗauke. Mako uku ba ɗigo. Gero ya fito ya tsaya yana murɗewa, har an fita roƙon ruwa. Kowa ya gyara garmarsa yana jiran ruwa na biyu a shiga huɗa.

Wata Asabar ina gida, bayan mun dawo daga sallar Asuba na koma na kishingiɗa, sai na ji Baba a bakin ƙofata.

"Malam, taso."

Malam yake ce mini tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Ranar babu tsokana a muryarsa. Na fito na same shi riƙe da kwanon dusa. Ya juya na bi shi bayan gida. Turaku biyu suna nan tsaye, ba igiya ba shanu. An yage dangar kara ta baya daidai faɗin da sa zai wuce. Baba ya tsaya yana kallon turakun, kwanon yana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

Kafin rana ta fito an kira mai bin sawu. Wani dattijon Bafillatani ne da ke zaune a rugar gabas da mu, ya daɗe da haɗa kiwo da noma, ba shi da yawan magana. Ya hana kowa taka wurin, ya sunkuya ya yi ta kallon ƙasa. Sannan ya ce mutum biyu ne, ɗaya da takalmin roba, ɗaya yana jan ƙafar hagu. Ya nuna mana sawun jan, wanda kofatonsa na baya yake da tsaga, ya ce wannan ko cikin garke ya shiga zai gane shi. Arewa suka nufa.

"Shanun huɗa ba sa sauri," in ji shi. "Sun ƙoshi, sun yi nauyi, ba su saba da doguwar tafiya ba. Ƙasa kuma a bushe take, ta riƙe sawu. In Allah ya so za mu cim musu kafin su tsallaka."

Kowa ya san abin da tsallakawa take nufi. In suka shiga Nijar aka sayar da su da sefa, sai dai labari. Maƙwabta da yawa sun so binmu, mai bin sawu ya ce taro na ɓata sawu. Baba ya ce ni kaɗai zan zo. Muka kama hanya mu uku, a ƙafa, don ba a bin sawu a kan babur.

Bin sawu yana da ƙa'idarsa a wajenmu. Idan sawu ya shiga ƙasar wani gari, ba ka da ikon ka ratsa kai tsaye kana leƙe-leƙe a gonakin mutane da bayan gidajensu. Yin haka daidai yake da ka kira su ɓarayi. Sai ka je wurin mai garin ka gaya masa, ya haɗa ka da mutuminsa, ku bi tare har sawun ya fita daga ƙasarsa. In bai fita ba, garin ne zai amsa. Tsari ne mai kyau, ban taɓa ganin aibinsa ba sai ranar.

Gari na farko mun sami mai unguwa a gonarsa, ko zama ba mu yi ba, shi da kansa ya raka mu. Na biyu ma ba a ɓata mana lokaci ba. Rana ta take, ƙafata ta fara zafi cikin takalmin makaranta, Baba kuwa yana gaba kamar ba shi ne mai ciwon baya ba. Dab da Azahar, a gefen gari na uku, mai bin sawu ya tsaya a kan kashin shanu, ya taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa. Bai ko bushe ba.

"Sun tsaya sun huta a nan," ya ce. "Ba su yi nisa ba."

Sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, mu ma muka duba. Hadari ne ya fara haɗowa, baƙi ƙirin daga ƙasa. Mako uku muna roƙonsa, sai yau ya ga damar zuwa. Muka ƙara sauri zuwa ƙofar gidan dagaci.

Dagacin garin tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni, kuma abokin kakana ne tun suna samari. Mun same su za su tada sallah, muka bi. Bayan an idar aka shiga zaure, aka zaunar da shi a kan buzu, Baba ya durƙusa a gabansa ya faɗi ko shi ɗan wane ne. Tsohon ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ƙi saki.

"Ɗan abokina! Ashe zan sake jin muryar gidanku? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya muka ji da rashin ruwan nan?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Alhamdulillahi, ranka ya daɗe."

A wajenmu baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi gaban babba sai an tambaye shi. Mai gida ne zai gama gaisuwa, ya ba ka ruwa, sannan ya ce me ke tafe da kai. Wanda ya riga shi, ya nuna gaisuwar ba ta dame shi ba ke nan, buƙatarsa kawai ya sani. Tsohon nan kuwa gaisuwa ce ta shekaru ta taru masa. Ya tambayi labarin baffannina ɗaya bayan ɗaya, da masu rai da waɗanda suka rasu. Da ya ji mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu da suka wuce, sai ya saki salati, ya ce ba wanda ya gaya masa, ya sa duk zauren aka ɗaga hannu aka yi mata addu'a mai tsawo. Wa zai katse addu'ar da ake yi wa uwarsa? Na shafa tare da kowa, ina jin iska tana kaɗa zanar da ke ƙofar gida.

Ni ina zaune dab da bakin ƙofa, inda ya dace da mai ƙarancin shekaru, don haka ni kaɗai nake ganin sama sosai. Hadarin ya cinye rabinta. Kaji sun fara gudu suna neman maɓoya, mata na kwashe shanya. Mai bin sawu ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Shi baƙo ne a kan baƙo, ba shanunsa ba ne, ba garinsa ba ne, ba zai yi magana ba.

Aka kawo fura a ƙwarya, tsohon ya ce sai mun sha, mun sha rana. Baba ya karɓi ludayi. Ya sha, ya yi godiya, ya yaba damunta. Tsohon kuma ya shiga labarin wata rijiya da suka haƙa da kakana, yadda igiya ta tsinke da su, wa ya fara ihu, wa ya fito da wa.

Maganar tana bakina. Na shirya ta tsaf, gajeriya ce: ranka ya daɗe, a gafarce ni, shanu aka sace mana, sawu ya shigo ƙasarka, ga ruwa nan tafe. Na maimaita ta a zuci ya fi sau ashirin. Ni da nake tsayawa gaban aji kullum ina daka tsawa har ajin kusa su yi tsit, ranar harshena ya ƙi ɗaguwa. Abin haushi, a daidai lokacin ɓarawon finafinan Baba ne ya faɗo mini a rai. Da shi ne, da tuni ya katse tsohon da wata barkwanci, ya sa shi dariya, ya fita da mutum goma da babura, a kuma bi shi da godiya. Ni ko ina zaune na naɗe ƙafa, ina kallon guguwa tana kwasar yayi a ƙofar gida.

Ɗigon farko ya faɗo a kan dokin ƙofa, babba, ya bar tabo a ƙasa. Kafin a ce me, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Garin ya ɗauki sowa. Tsohon ya saki labarin rijiya ya ɗaga hannu sama yana hamdala.

"Kun zo mana da alheri," ya ce. "Ƙafarku mai albarka ce. To, ɗan abokina, me ke tafe da ku cikin ranar nan?"

Sai a lokacin Baba ya faɗa, a hankali, kansa a ƙasa, kamar mai ba da labarin wani. Tsohon ya daɗe bakinsa a buɗe.

"Subhanallahi! Sawu kuke bi? Kuka zauna kuna shan fura? Me ya hana ku faɗa tun ɗazu?"

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Haka Allah ya so."

Na so in ji haushin tsohon nan, har na so in zarge shi da haɗa baki da ɓarayin, don in sami wanda zan ɗora wa. Bai ba ni dama ba. Hawaye ne suka zubo masa, ya buga sandarsa a ƙasa, ya tashi duk wani mai ƙarfi a garin ya ce su fita cikin ruwan. Muka fita mu ma. Inda muka bar kashin shanun ya zama kwata, ruwa na gudu a kai. Mai bin sawu ya yi ta zagaye cikin taɓo, ya sunkuya nan ya sunkuya can, rigarsa ta manne masa a jiki. Da ya dawo sai ya girgiza kai. A kewaye da mu mutanen garin suna taya mu jaje da baki, amma fuskokinsu cike da murnar ruwa, kuma ban ga laifinsu ba. Geron Baba ma ruwan yake sha a can gida.

An ɗauke mu a babura har bakin iyaka, muka yi ta tambaya, ba wanda ya ga komai. Mun kai rahoto wurin hukuma, aka rubuta. Baba ya yi makonni yana zuwa kasuwar Babura, ya shiga cikin shanu yana leƙa kofaton bayan duk wani jan sa, har dillalai suka gane shi suka riƙa matsa masa hanya ba tare da sun tambaye shi ba.

Mako biyu ban kawo fim ba, don na ɗauka an gama da wannan a gidanmu. A na uku, bayan La'asar, sai ya ce, "Malam, yau ba ka zo mana da ɗan nema ba?" Akwai wani tsohon fim a wayar, na kunna masa. Ya matso da tabarma kamar kullum. Da aka zo inda ɓarawon ya sa wani babban mutum ya riƙe masa takalmi, Baba ya yi dariya, ba irin ta da ba, amma dariya ce. Ni kuwa raina ya ɓaci.

"Baba, ɓarawo ne fa," na ce. "Irin waɗanda suka yage mana danga."

"A'a," ya ce, idonsa na kan wayar. "Wannan ta ƙofar gaba yake shiga, kuma gidan waɗanda suka ƙoshi. Bar ni in kalli abina."

Huɗa kuwa ba ta jira kowa. Bayan ruwan nan kowa ya duƙufa a gonarsa, mai shanu yana buƙatar shanunsa. Wani maƙwabci ya ba mu aron nasa na wuni ɗaya, Allah ya saka masa, aka yi abin da bai kai rabin gonar ba. Sauran sai da garmar hannu. Da aka ba mu hutu na tattaro na dawo gida, muka shiga ni da Baba. Kwana biyu tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Shi kuma ya yi taku goma sai ya tsaya ya dafa ƙugu. Ciyawa ta fi mu sauri, muna kallo tana shaƙe geron da ba mu kai gare shi ba.

Wata rana da hantsi muka zauna hutawa a gindin wata gawo da ke tsakiyar gonar. Ya sha ruwa ya miƙo mini gorar. Bai dube ni ba, gefen da ciyawa ta cinye yake kallo.

"Ran nan a zauren dagaci," ya ce, "na yi ta jira ka yi magana."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Ni, Baba?"

"Kai. Ni ba zan iya ba, abokin ubana ne. Amma kai ɗan boko ne. Da ka katse shi, sai in daka maka tsawa, in ba shi haƙuri, in ce yaran zamani ne ba su san komai ba. Magana dai ta riga ta fita, da an tashi. Don haka na ce kai za ka bi ni, ba don ka iya bin sawu ba. Sau biyu ina waiwayowa ina kallonka."

Na ga kallon nan a ranar, duka biyun. Na ɗauka gargaɗi yake yi mini in natsu, har na ƙara sunkuyar da kai don ya ga na ji. Gorar tana hannuna na kasa sha. Da ƙyar na ce, "Baba, ai kai ka hana mu."



"Haka ne," ya ce. "Ni na hana ku."

Ya dafa ƙasa zai tashi, bai iya ba sai a karo na biyu. Na miƙa hannu in taimake shi, ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗauki garmarsa ya nufi inda muka tsaya, ya ce in taso, rana na yi.